Gadin Daren Kirsimeti

Maigida ya kwashi iyali sun yi Legas tun Talata,
ya bar mini makulli tara, kare ɗaya, da tocila,
da wata bishiyar roba a falo
mai ƙyafta ido, ja, kore, ja, kore,
ba mai kallonta sai kujeru.

Ga ni bakin ƙofa a Rayfield,
bargo a wuya, safa kan safa.
Sanyin Jos shi kaɗai ne mai tare hanya
da ba ya tambayar sunanka,
ba ruwansa da inda kake kai goshi,
ya shiga ƙashi kawai ya miƙe ƙafa.

Sha ɗaya ta wuce, Malam Talle ya tsallako titi,
mai gadin gidan likita, da butarsa.
Muka tara guntayen katako a kwanon sarki muka hura.
Ya zaro dankali huɗu daga aljihu,
na Farin Gada, in ji shi, tsintar bakin buhu,
muka binne su cikin toka.

Iska na ɗauko mini muryar matan zumunta
da bugun tulu, a gutsure a gutsure.
Kachollom na ciki, na sani, sahu na biyu,
da zanen bara da ta wanke ta goge.
Shekara shida rabona da sujadar wannan dare,
kuma abin yana cina kamar gara cikin azara.

Na ce, Talle, ka ga rabon talaka,
ana can ana murnar haihuwar Almasihu,
ni ina nan ina gadin firji.
Ya yi dariya har ta zame masa tari.
Ya ce, Dachung, tuna mini,
a naku labarin, wa aka fara yi wa albishir?

Na buɗe baki, na rufe.

Ba fada aka nufa ba.
Ba a ƙwanƙwasa gidan mai bene ba.
Masu aikin dare aka samu a fili,
suna tsaron tumakin da ƙila ma na wani ne,
rigunansu na warin hayaƙi,
suna jiran gari ya waye a sallame su.
Tun ina ɗan aji biyu nake haddace wannan,
sai yau na ji ya taɓa ni da hannu.

Talle ya tona wuta, ya ce, a namu kuwa
uwar ita kaɗai ce a gindin dabino.
Ko ta wace hanya ka biyo,
ba a kan katifa ya sauka ba.

Na waiwayi ɗakin gadina,
taku uku da biyu, benci, ƙusar rataye riga.
Idan matafiya suka tsaya nan yanzu,
mace na dafe da mara, mijin na haɗa hannu,
ni da aka ɗauka don in ce babu wuri,
me zan ce?
Makulli tara a ƙuguna, ɗaki shida a kulle.
Ban san amsar ba. Har yanzu ina juya ta.

Wajen ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta.
Bishiyar falo ta yi shiru,
unguwa duk ta yi ɗif,
sai ga taurari birjik bisa duwatsu
kamar acca a faifai.
Ashe suna nan tun ɗazu,
fitilunmu ne suka fi su surutu.

Dankali ya nuna, ɗaya ya ƙone.
Muka ba kare rabonsa,
muka ɓare sauran muna hura yatsu,
ba gishiri, ba mai.

Da ladan ya yi kira daga nesa
Talle ya ɗumama ruwan buta a bakin garwashi,
ya ce, riƙe mini ƙofata.
Na tsaya tsakiyar titi,
ido ɗaya nan, ido ɗaya can,
ina rera tawa ƙasa-ƙasa
don kada in rikita masa karatu.